Motar da Ba Ta Son Kwana a Argungu

Abu na farko da na lura da shi da muka iso Argungu shi ne Kawu bai tsaya a ƙofar gida ba. Ga Kaka zaune a bakin zaure tana ɗago mana hannu, ga inuwa, ga fili, amma ya wuce ta kamar bai san gidan ba. Ya haura wani ɗan tudu da ke bayan unguwa, ya zagaya gindin dogonyaro, ya juya motar har hancinta ya kalli gangaren da ke sauka fadama, sannan ya kashe ta.

"Sauko, Malama, mun iso," in ji shi.

Na dubi gidan can ƙasa, na dubi jakata. Na ɗauke ta na sauko. A lokacin ina aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma magana ba ta cika fita bakina ba sai an matsa mini. Malamar ma da Kawu ke kirana tsokana ce, don duk lokacin da ya zo gidanmu a lungu yake samuna da littafi.

Kawu ƙanen Inna ne. Masunci ne tun tasowarsa, daga baya ya sayi wata tsohuwar mota mai dogon baya, ya koma kwasar kifi daga bakin gulbi yana kaiwa Birnin Kebbi. Inna kuwa suyar kifi take yi a gidanmu a unguwar Badariya, nan Birnin Kebbi, kuma duk kifin da ke shiga kaskonta daga motar Kawu yake fitowa. Akwai wasu mata masu suya da ke karɓa a hannunsa, amma Inna ce ta haɗa shi da su, kuma inda ta juya nan suke juyawa.

A ranar da ya ɗauko ni zuwa hutu, sai da rana ta take ya iso gidanmu. Ƙanƙarar da ke cikin bahunan kifin ta zama ruwa. Inna ta ɗauki wata gargaza ta danna cikinta da ɗan yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba.

"Wanga kihi ne ko tuwo?" ta tambaye shi.

"Yaya, batir ne."

"Jiya batir, shekaranjiya batir. Ba sabo ka saya ba?"

"Sabo na saya. Shi ma ya koyi halin tsohon."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce masu saye sun zo sun koma tun da hantsi, kuma akwai wani mutum mai kawo kifi daga Yauri da ya yi mata magana, ta ce ya saurare ta zuwa Juma'a. "In ba ka gyara wagga mota ba, shi zan kira," in ji ta. "Kai ƙanena ne, amma kasko bai san haka ba."

Kawu ya yi dariya ya ce ai ba za a kai ga nan ba. Amma a hanyar Argungu sai ya canja. Shi da yake danna wa kowane manomi hon, har da shanu, ranar mun yi nisa bai taɓa shi ba.

To, shi ne muka iso ya hau tudu. Na tsaya riƙe da jaka ina kallon yadda yake kwantar da motar. Ya fara da zaro wani tamfol shuɗi mai kauri, irin wanda ake shanya shinkafa a kai, ya lulluɓe bayanta tun daga ƙasa har rufi, ya ɗaure gefuna da tsohuwar igiyar komar kamun kifi. Sai ya dawo ƙofar direba, ya jawo wani guntun filafili, irin na tuƙa jirgin ruwa, daga ƙarƙashin kujera, ya sunkuya ya tokare shi a ciki yana nishi. Ya kulle ƙofa, ya ja sauran tamfol ɗin ya rufe gaba, ya buga wa motar tafi biyu a kai kamar yadda ake yi wa saniya. Ban tambayi amfanin filafilin ba. Na ɗauka kowace mota haka ake yi mata.

Kaka ta tarbe mu da fura da baki.

"Oho, 'yar birni, an kai ki kin gaida amaryar tudu? Mutane na aje mota ƙofar gida a san sun yi mota, shi kau nashi sai ya kai ta daji ya luɓe kamar kayan sata."

"Inna, ai dabara ce," in ji Kawu. Shi ma Inna yake ce wa Kaka, abin da yakan rikita ni ina ƙarama.

"Awo, dabara. Gobe kin gani."

Na kuwa gani. Da aka sallame sallar asuba Kawu ya wuce bakin gulbi, ni kuma Kaka ta ba ni buta ta ce in bi shi in wanke ido da kallo. Jirage na ta sauka, masunta na zube kifi a kan tabarmin roba, tarwaɗa na ta buga jela. Aka cika bahunan Kawu, aka zuba ƙanƙara, abokansa suka taya shi ɗauka har tudu. Ya yaye tamfol, ya shiga, ya cire filafilin, ya murɗa makulli. Motar ta yi wani ɗan sauti, ƙas, kamar an karya tsinken tsintsiya, ta yi shiru.

"Ba komai," in ji Kawu. "Don haka munka hau tudu."

Ya sa giya, ya saki birki, motar ta fara gangarawa a hankali, sannan ta ƙara gudu. Ya saki kuloci, ta yi tsalle, ta yi tari, ta sake yin tari, ta tafi tana tari har gindin gangare, ta tsaya dab da fangalin albasar wani tsoho. Tsohon ya ɗago daga ban ruwa ya ce, "An kwana lahiya?" kamar wanda ya saba da baƙon.

Daga nan sai turi. Masunta da wandunansu a jiƙe suka mayar da ita sama suna yi wa Kawu ba'a. Wani ya ce a sa mata filafili biyu a bi da ita ta gulbi, wani ya ce jakin babansa bai taɓa neman tudu ba kafin ya tashi. Ni ma na sa hannu a wani ɗan gefe kusa da fitilar baya, kaina a ƙasa, ina fatan kada kowa ya gan ni. A karo na biyu ma ba ta tashi ba. Sai da aka je aka roƙi wani mai tarakta ya zo da batirinsa aka jona, sannan ta kama. Lokacin rana ta riga ta fito sosai. Na ga Kawu ya ɗaga murfin baho ya duba ƙanƙara, ya mayar a hankali.

Abin da ya fi ba kowa mamaki shi ne, da zarar ta tashi shi ke nan, sai ta wuni lafiya. A kashe ta a kasuwa, a kashe ta a gidan mai, murɗawa ɗaya take kamawa. Kwana ne kawai ba ta so. Kaka ta ce ita ta gane matsalar tun tuni.

"Motar 'yar birni ce, kamar wagga," ta nuna ni da baki. "Sauron Argungu ne ba ta so. Ka tuna ran da anka yi ruwa ka kwana Badariya? Ba ta tashi da sahe ba?"

Kawu ya yi jim. "Ta tashi."

"To ka gani."

Na lura maganar ta tsaya masa. Da yamma yana gyaran koma a tsakar gida na ji yana cewa shi kaɗai, "Ta kau tashi."

Washegari aka sake yin turi, aka sake makara, amma ba kamar jiya ba. Kaka ta ce in bi shi Birnin Kebbi in kai wa Inna daddawa da kuka. Inna ta karɓi kifin ba ta danna ba, ba ta kuma yi magana ba, wanda a wurinta ya fi faɗa zafi. Da muka fito Kawu ya ce, "Malama, mu tahi wurin riwaya. Yau ko ni ko wagga mota."

Rumfar riwayan, wato mai gyaran wutar mota, tana kan hanyar Gesse, cikin jerin bakanikai. Mutum ne siriri mai furfura a gemu, da tabarau ɗaure da zare ta bayan kai. Ƙasan rumfar duk baƙin mai ne, ga tsofaffin batura jere a gindin bango, kowanne da alamar alli. Ya turo mini wani benci da ƙafa ya ce, "Zauna, ɗiyata," ya kuma saurari Kawu har ƙarshe bai katse shi ba, ko da Kawu ya kai ga zancen sauro.

Ya ce wa Kawu ya tayar da ita. Ya ɗora wayoyin wata 'yar na'urar awo a kan batir, ja a nan, baƙa a can, ya kalli lambobin ta ƙasan tabarau.

"Injin na ba shi abinci," in ji shi. "In tana tahiya shina cika. Kashe."

Ya sake aunawa, ya buɗe ramukan batir ya leƙa ruwan, ya goge kawunan da tsumma.

"Batir ɗinka lahiya lau. Kada ka koma ka yi wa mai shago hwaɗa."

"Na riga na yi," in ji Kawu.

"To ka koma ka ba shi haƙuri."

Sai ya bayyana mana, ni da Kawu, don har ni yake kallo, cewa in batir lafiyayye ne, inji kuma na cika shi, amma ya wayi gari ba komai a ciki, to akwai abin da ke sha bayan an zare makulli. Ya ce kamar randa ce da aka cika da yamma aka tarar da ita rabi da safe: ko dai tana yoyo, ko wani na zuwa da moɗa. Ya ɗauki sufana ya kwance baƙar wayar batir. Ya ciro wani ɗan ƙwan fitila mai jelar waya biyu daga aljihu, ya manna ɗaya a kan batir, ɗaya a wayar da ya kwance.

"In akwai mai sha, wanga ƙwai zai kama."

Muka sunkuya mu duka. Ƙwan bai kama ba.

"Ko ƙwan ya mutu?" in ji Kawu.

"Kunna ƙananan hitilu."

Kawu ya kunna, ƙwan ya haska. Ya kashe, ƙwan ya mutu. Riwaya ya duba fitilar cikin but, ya duba ta rufi, wadda ba ta ma da ƙwai a ciki, ya tambayi rediyo, Kawu ya ce rediyon ya daina magana tun kafin motar ta zo hannunsa. Ya girgiza wayoyi, ya buɗe akwatin fiyus, ya rufe ƙofofi ya buɗe. Ƙwan ko ƙyaftawa bai yi ba.

"Ba mai sha," in ji riwaya, ya mayar da baƙar wayar ya ɗaure, yana sosa gemu. "Aƙalla ba yanzu ba. Bar mani ita ta kwana nan."

Kawu ya buga wa wani abokinsa mai ɗaukar albasa waya, ya roƙe shi ya taho da bahunan gobe. Muka kwana a Badariya. Da safe kifi ya iso da wuri a bayan motar albasa. Inna ta shinshina ta ce, "Yau ba sai na sa albasa ba," kuma na ga gefen bakinta ya motsa. Kawu bai ji daɗin yabon ba, don ba motarsa aka yaba ba. Ranar Alhamis ce.

Muka koma rumfa. Riwaya ya ce bai taɓa ta ba tun jiya, ya miƙa wa Kawu makulli. Murɗawa ɗaya ta tashi, har da wani kuri kamar sabuwa.

Kawu ya kashe ta ya fito ya zauna a kan wata tsohuwar taya. "To ni mi zan ce? Tsohuwa ta yi gaskiya. Argungu ce ba ta so."

"Mota ba ta san gari ba," in ji riwaya. "Ko wani na jona waya cikin dare shina cajin salula?"

"A luɓe take, a kulle. Igiyata ba wanda ke kwance ta ya maida ban gane ba."

"To akwai abin da kake yi mata can da ba ka yi nan ba." Ya sake kwance baƙar wayar, ya manna ɗan ƙwansa. "Taso. Ka ɗauka nan Argungu ce, magariba ta yi. Kwantar da ita ina kallo. Kada ka tsallake komai."

Kawu na son irin wannan. Ya shiga mota ya kama sitiyari yana yin ƙarar inji da baki, ya haura tudun da babu, ya zagaya dogonyaron da babu. Bakanikan da ke kusa suka ajiye aiki suka matso. Ya fito ya zaro tamfol, ya lulluɓe baya, ya ɗaure, ya kulle ƙofa, ya rufe gaba, ya yi mata tafinsa biyu. Ya juya ya buɗe hannuwa.

"Shi ke nan. Sai in tahi in ci tuwo."

Ƙwan bai kama ba. Riwaya ya sauke numfashi.

Ni ina kan benci, kuma na san an tsallake abu. Maza sun kai takwas a wurin, ko fiye, duk manya. Sai na tashi na je kusa da Kawu na ja gefen rigarsa, na faɗa a hankali yadda shi kaɗai zai ji.

"Kawu, ba ka sa filafilin ba."

"Mi?"

"Filafilin."

"Af! Ai nan ba tudu," in ji shi da ƙarfi, duk aka juyo aka kalle ni. "Shi don kada ta gangara ne."

"Wane hilahili?" in ji riwaya.

Kawu ya ɗage tamfol, ya buɗe ƙofa, ya jawo guntun filafilin yana bayani. Birkin hannu ya tsinke tuntuni. Da ya fara ajiye ta a tudu a giya yake barinta, sai ran nan da rana tsaka giyar ta zame, motar ta sauka ita kaɗai ta shiga albasar mutane. "Ni kau ban taɓa barin jirgi bakin gulbi ban kahe shi ba," in ji shi, "ba zan hwara da mota ba." Ya sunkuya, ya danna birkin ƙafa da hannu har ƙasa, ya tokare shi da filafilin, ɗaya ƙarshen a jikin ƙarfen kujera.

Ɗan ƙwan da ke hannun riwaya ya haska tar.

Riwaya ya kalli ƙwan, ya kalli Kawu, ya cire tabarau. Ya mayar da baƙar wayar a kan batir ya ɗaure, ya zagaya bayan mota, ya kwance igiya ya ɗaga tamfol. Fitilun birki biyu na ci, jajaye, da rana tsaka.

Wani bakanike ne ya fara fashewa da dariya, sauran suka bi. Riwaya ya dafa mota yana share hawaye.

"Bawan Allah, hitilar birki ba ta jiran makulli. Ka taka, ta kama. Kai kau ka sa an taka maka ita tun magariba har asuba, kuma ka luɓe ta da bargo kada kowa ya gani."

Kawu ya tsaya baki buɗe. "To tsohon batir ɗin hwa? Shi ya hwara mutuwa tun ban san tudu ba."

"Shi tsuhwa ya kashe shi, kwanansa ya ƙare. Don shi ka hau tudu. Da ka sayi sabo sai ka sauko. Ba ka sauko ba. Kana hawa tudu don batir na mutuwa, batir na mutuwa don kana hawa tudu."

Kawu ya cire hula ya kalli cikinta, ya mayar. Sai shi ma ya kama dariya, har ya fi kowa, yana nuna kansa da filafilin. "Kuma na je na yi wa mai shago hwaɗa! Har na ce mashi ruwan gulbi ya zuba ciki!" Ya juyo gare ni. "Ke kuma Malama, kina gani kullum kinka yi shiru?"

Na ce na ɗauka haka ake yi. Wannan ma ya ba su dariya, na koma bayan benci na tsaya ina kallon ƙafafuna.

Gyaran bai ɗauki wani dogon lokaci ba. Riwaya ya sa batir a caji ya cika sosai, ya ce yawan zuƙewar nan na rage masa kwana, amma an tare shi da wuri. Bakaniken da ya fara dariya ya shiga ƙarƙashin motar ya sa sabuwar wayar birkin hannu. Kawu ya ja, ya saki, ya sake ja, yana jin ƙarar haƙoran kamar yaro da sabon abin wasa. Riwaya ya ce masa daga yau a fili za ta kwana, birkin hannu a sama, giya a ciki, in yana so ya ƙara da dutse a gindin taya. A hanya muka tsaya a shagon batir, Kawu ya shiga shi kaɗai. Ya daɗe. Ya fito yana gyara hula, muka wuce.

Da muka iso Argungu la'asar ta yi sanyi. Kawu ya rage gudu a ƙofar gida, ya kalli tudu, ya kalli fili. Na ga hannunsa na son juya sitiyari.

"In ba ta tashi nan ba," in ji shi, "ba gangare. Kuma gobe Juma'a."

Na ce, "Ƙwan ya kama, Kawu."

Ya taka birki, ya ja na hannu, ya kashe. Kaka ta fito tana tafa hannu.

"Lale, lale! Yau amarya ta tare? Mi anka ba ta?"

Kawu ya so ya taƙaita labarin, amma Kaka ba a taƙaita mata. Ta tambaye ni, na faɗa mata komai a ɗaki, ita kuma ta fito tsakar gida ta maimaita wa maƙwabta da ƙari. Ta karɓe filafilin ta ce ya yi daidai da tuƙin tuwon biki. Kafin magariba Kawu ya fita ya zagaya bayan motar ya leƙa ƙarƙashin tamfol, ya dawo, ya sake fita. Kaka ta ce in ya ƙara fita za ta kai masa tabarma can.

Da asuba aka kawo bahuna ƙofar gida. Masuntan da suka saba turi duk sun zo, ba wanda ya kira su, sun tsaya sun naɗe hannun riga. Har tsohon mai albasa ya hauro daga fadama, wai ya ga shiru ne. Kawu ya shiga, ya yi bisimilla a bayyane, ya murɗa.

Ta tashi.

Aka sa ihu. Wani ya ce shi fa ya riga ya sha kunu na musamman don turi, wa zai biya shi. Kawu ya danna hon har kaji suka watse. Na shiga gaba da sauri, muka kama hanya gari bai gama wayewa ba. Ya gaida kowane manomi, ya gaida shanu, ya gaida wata akuya. Ƙanƙara na ƙara a cikin bahuna duk lokacin da muka taka rami.

Muka tarar Inna ko wuta ba ta hura ba. Tana tsakar gida tana wanke kasko, ta ɗago ta gan mu ta ƙofa, ta kalli sama ta ga inda rana take. Kawu ya sauke baho a gabanta da kansa ya cire murfi. Wata tarwaɗa ta buga jela ta fantsa mata ruwa a zane.

"Danna, Yaya," in ji shi. "Danna ki ji."

Ta danna. Ta ɗauki wata ta duba ido, ta buɗe kunnen ta ga ja. Ta ajiye.

"Ya yi kyau," in ji ta. Ta ci gaba da wanke kasko. "Amma sahiya guda ce. Mutumen Yauri ya kira ni jiya, na ce mashi yau zai ji ni."

Kawu ya yi 'yar dariya, ya ce haka ne, gaskiya ne. Ya juya ya tafi sauke sauran bahunan, yana tafiya a hankali. Wayar Inna na kan turmi, inda take ajiye ta in hannunta da ruwa.

Ban taɓa sa baki a sana'ar Inna ba, ko a wani zancen manya. Na ɗauko wayar na goge ta da gefen hijabina, na durƙusa kusa da ita, na miƙa mata da hannu biyu. Muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya, har Kawu ya tsaya a bakin ƙofa da baho a kai.

"Inna, ni na ga abin da ya lalace, kuma na ga an gyara. Don Allah ki kira mutumin ki ce masa kin gode, ba kya buƙata. Ki kira shi yanzu, Kawu na ji."